Sunan da Goggo Ba Ta Kira

Asabar, bayan azahar, Kankia

Dakta Rahma ce ta ɗora mani wannan aiki. Ta ce tunda ni ke wuni a gefen gadon, in riƙa rubuta duk abin da na ga ya yi: ya motsa hannu, ya buɗe ido, ya haɗiye kunu. Na ce mata ni fa allo na yi, bokon nan a waya na tsince shi wajen hira da 'yan mata. Ta ce ko da ajami ne ta karɓa. To nata na takarda yana nan ina yi mata. Wannan kau nawa ne, a wayata, ba mai gani.

Jiya aka dawo da shi daga Katsina. Ba su ce ya warke ba. Cewa suka yi a kai shi gida, zai fi samun natsuwa cikin 'yan uwa. Kowa ya sunkuyar da kai kamar ya gane. Ni ban gane ba, kuma kada wanda ya fassara mani.

Dakta Dalhatu Mamuda, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, malamin jami'a. Haka ɗalibanshi irin su Dakta Rahma ke faɗi, har da ɗan rusunawa. Ni bawana nake ce mashi. Ɗan Goggo ne, yayar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, taubasai ke nan, kuma kowa ya san ɗan mace bawa ne ko da ya hau jirgi. Ya ba ni shekara ashirin da wani abu, amma a gaban ɗalibanshi na taɓa miƙa mashi tsumma na ce ya goge mani babur. Ya kama kunnena ya murɗe. Wannan na hagun nashi ne, shi ya sa ya fi na dama tsawo.

Yau na shiga na ce, “Bawa, an samu wuri an miƙe ko? Wa zai share mani ɗaki?”

Anti Saudatu, matarshi, ta dube ni kamar na zagi liman. Shi bai dube ni ba. Idonshi na kan rufin ɗaki. Ɓarin dama yana kwance kamar an aro shi.

Lahadi, da hantsi, Kusada

Na koma gida in canza kaya. Goggo na tsakar gida tana tsince wake. Ita ta raine ni, shi ya sa duk Kusada ba mai ce mani Murtala, sai Nagoggo.

“Ka dawo? Ya hanya?”

“Lafiya lau, Goggo.”

“An yi ruwa a Kankia?”

“An yi.”

“Geronsu ya fitar da kai?”

Na tsaya ina jiran sauran tambayar. Ta ci gaba da wakenta.

Shi ne ɗanta na fari. Ana yaye shi aka miƙa shi ga baffanshi a Kankia, can ya tashi. Tunda nake ban taɓa jin sunanshi a bakinta ba, “na Kankia” take cewa, shi ma sai dole ta kama. In ya zo gaishe ta, bango take kallo, ni take wa magana: “Nagoggo, ka ce wa baƙon ya sha fura.” Sunan ubanshi ma ba ta faɗi, mijinta ne, Allah ya jiƙan shi. Ka ga mutum da suna biyu, duka sun fi ƙarfin bakin uwarshi. Na sha tsokanarta da haka. Na taɓa kawo wani yaron maƙwabta mai irin sunan na ce, “Goggo, wane ne wannan?” Ta ce, “Ɗan gidan su mai kaza ne,” ta bi ni da muciya.

Da zan fita ta miƙo mani ƙwarya ɗaure da tsumma. “Ka kai wa Saudatu. Tana son fura.”

Anti Saudatu ba ta shan fura, kumbura mata ciki take. Goggo ta fi kowa sani.

Talata, bayan la'asar, Kankia

Dakta Rahma ta zo da kwamfuta, ta buɗe wannan shafin nashi mai lamba. Ina ganin hotonshi a sama na fita na tsaya a zaure.

Garke nake ce wa shafin. Duk lokacin da ya zo aikin ruga muka kwana gidan Goggo, yana idar da asuba zai buɗe shi, ya zuba ido kamar makiyayi da ke duba ko akwai wadda ta ɓace. In ce, “Bawa, shanun sun haihu?” Wani lokaci ya ce biyu sun haihu, wani lokaci ya yi tsaki.

Wata rana na matsa mashi ya ce, “Kai ba ka zama zauren malam? Ba ka jin ana cewa an karɓo daga wane, shi kuma daga wane? To haka ne. Na yi bincike na rubuta, an buga a mujallar likitoci. Duk wanda ya zo daga baya ya jingina maganarshi da tawa, dole ya ambaci sunana. Na'ura kuma tana ƙirgawa.”

“Su wa ke ambatonka?”

“Akwai a Indiya, akwai a Kenya, akwai a Brazil.”

“Sun san kana rufe ido in za mu tsallaka kwalbati?”

Kunne ya sha.

Dakta Rahma ta leƙo ta ce in zo in gani, garken ya haura dubu huɗu, kuma tun da ya kwanta ma ya ƙaru. Ta karkata kwamfutar ta nuna mashi. Ta ce, “Malam, duba.” Bai duba ba.

Mutane a ƙasashen da ko rana ba ta fitowa tare da tamu suna ta kiran sunanshi. Shi yana nan, ana goge mashi baki da tsumma.

Laraba, da yamma

Ya haɗiye kunu kaɗan. Goggo ta tambayi hanya.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Kankia

Abokan aikinshi sun kira ta waya mai hoto. Akwai Dakta Amiru na Maraɗi, da wata Baturiya da sunanta ke karya mani harshe. Inna Sanyi nake ce mata, don ban taɓa ganinta ba rigar sanyi ba. Su uku suka yi shekaru suna rubutu tare, shi ya tattaro daga nan, Dakta Amiru daga can ƙetare, ita kuma ta yi lissafin.

Takardarsu ta ƙarshe a kan yaran ruga ce masu farfaɗiya, na wajen Dudunni da Yashe. Ni na riƙa goya shi a babur damina biyu, don motarshi ba ta shiga burtali. Da farko ko ruwa ba a ba mu. Ana jin ƙarar babur za a shige da yaron bukka, a ce ba su da mai wannan ciwon. Sai kawai wata rana ƙofofi suka buɗe. Daga baya wata mai tallar nono ta gaya mani Goggo ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya a kasuwa. “Ku buɗe wa na Kankia. Ni ma na yi irin wannan jinyar.” Ɗiyarta Sumaiya take nufi, wadda abin ya tasar wa a bakin rafi, ruwa ya ci ta. Ba a maganarta a gidanmu. Ban taɓa gaya wa Dakta wa ya buɗe mashi ƙofofin ba. Cewa na yi kwarjinina ne.

Masu tantancewa sun yi ta maido masu da takardar, a gyara nan, a ƙara can. Na ce mashi waɗannan sun fi dangin amarya fitina. Yau Dakta Amiru ya ce, “Malam, an karɓa. Ba sauran gyara. Sunanka ne a gaba.”

Inna Sanyi ta cire tabarau tana kiran “Dal-haa-tuu”, duk ta lanƙwasa sunan. Da can da na riƙe wannan na yi sati ina kwaikwayonta yana dariya har da tari. Na ji muryar ta hau mani wuya da kanta, na haɗiye. Wa zan yi wa?

Da aka kashe waya Dakta Rahma ta ce kada mu gaji da yi mashi magana, mai irin wannan kwanciyar yakan ji ko bai nuna ba. “Musamman muryar da ya sani tun farko. Mahaifiyarshi na da rai?”

Anti Saudatu ta dube ni. Na dubi takalmina.

Lahadi, da hantsi, Kusada

Na fara da dabara. Na ce, “Goggo, Anti Saudatu ce ba lafiya, tana ta kiranki.”

“Ƙaryarka tun kana rarrafe na san warinta.”

Sai na faɗi gaskiya, na ce likita ta ce a zo da ke.

Ta daɗe tana juya wake a faifai. “Ranar aurenshi ka gan ni a Kankia? Ranar da aka sa mashi wannan hular mai igiya, ka gan ni? Duk ban je ba sai yanzu, da furfurata, in kwashi ƙafa? Mutane su ce mi?”

“Su ce uwarshi ce.”

“Rufe mani baki, marar kunya. Allah na ganinshi daga nan.”

Carbinta na maƙale a wuyan hannu, har wake take tsincewa da shi. Da ba haka take ba.

Furar Anti Saudatu dai ba ta fasa ba.

Litinin, da rana

Bai sha kunu ba.

Talata, bayan azahar, Kankia

Duk Kusada an san ni da abu ɗaya. Ba muryar da ba ni ɗauka. Na yi ladan har wani tsoho ya ɗauki buta kafin lokaci. Na yi mai unguwa a waya na tara 'yan acaba a ƙofar gidanshi. Amma wadda na fi gwanancewa ita ce ta Goggo, da wannan ɗan tarin nata kafin ta yi magana. Da ita na ci furar maƙwabta ba adadi ta bayan katanga.

Anti na madafa. Na zagaya ta wajen kan gadon, inda idonshi ba ya kaiwa. Na yi tarin. Na yi sallama da muryarta.

Sai na tsaya. Ashe ban san yadda ake yi ba. Duk muryar da nake kwaikwayo na ji ta ne da kunnena, wannan kau ba inda na taɓa jinta. Na dai haɗa yadda na ga zai yiwu, na kira sunan.

Wallahi na ɗauka ba abin da zai faru.

Numfashinshi ya canza. Wuyan da ya ƙi juyawa tun Katsina ya fara juyawa a hankali, wajen ƙofa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronshi. Idon hagu ya cika ya zubo. Yana ta neman bakin ƙofa, labule na kaɗawa, ba kowa.

Ƙafafuna suka kawo ni gabanshi. Ya dube ni, ya daɗe. Sai hannun hagu ya taso daga kan katifa. Na san abin da yake nema. Na durƙusa na sa mashi kunnen a ciki. Ba ƙarfin murɗewa. Riƙewa kawai ya yi.

Na ce, “Bawa, ka kama ni.”

Gefen bakinshi ya ɗan motsa. Ko dariya ce ko mi, Allah ya sani. Daga nan ya sake ni, idon ya koma ƙofa.

A takardar Dakta Rahma na rubuta ya juya wuya, ya ɗaga hannu. Ta yi ta hamdala. Ban rubuta dalili ba.

Laraba, da safe

Ƙofa yake kallo.

Alhamis, bayan la'asar

Zazzaɓi ya shigo, ƙirjin na ƙara. Dakta Rahma ta daɗe da abin saurare a kunne, ta fito ta tsaya bakin rijiya ita kaɗai. Ba ta buɗe kwamfuta ba yau.

Duk wanda ya ɗaga labule sai idon ya tashi ya dube shi, sannan ya sauka. Ya yi wa Anti haka, ya yi wa 'ya'yanshi, ya yi wa liman. Ni ma da na shigo haka ya yi mani.

Anti ta tare ni a zaure. “Nagoggo, wa yake jira?”

Na ce zan duba babur, kamar taya ta sace.

Da can rufin ɗaki yake kallo, ba ya jiran kowa. Ni na sa shi jira.

Juma'a, da hantsi, Kusada

Na same ta tana ba akuya dusa. Ban bari ta tambayi hanya ba.

“Goggo, na yi sata.”

“Yau ka fara?”

“Muryarki na sata. Na je kanshi na kira shi da ita. Da sunanshi.”

Kwanon dusa ya tsaya a hannunta. Na gyara tsayuwa ina jiran muciya. Ban ma yi niyyar gudu ba.

Can ta ce, “Ya juyo?”

Tunda aka haife ni, wannan ce tambaya ta farko da na ji ta yi a kanshi.

“Ya juyo. Yana neman ki a ƙofa. Har yanzu can yake kallo.”

Akuyar ta sa kai a kwanon tana ci a hannunta, ba ta ma sani ba.

“Yi mani yadda ka yi.”

“Goggo, ba ni iyawa.”

“A bayan idona ka iya. Yi.”

Na kawar da kai, na yi. Muryarta a bakina, a gabanta, ina kiran ɗanta.

Ta girgiza kai. “Ba haka ake faɗinshi ba.”

“To ke ya aka yi kika san yadda ake faɗinshi?”

Ta ajiye kwano ta shige ɗaki. Na zauna kan turmi har inuwa ta bar ni. Sai na ji ta daga ciki: “Wannan abin hawan naka na aljanu, yana da mai?”

Asabar, da yamma, Kankia

Ba ta taɓa hawa babur ɗina ba, ta ce ba ta gaji da duniya ba. Yau ta hau a karkace, ƙwaryar fura a cinya, ta damƙe mani riga. Ban taɓa tuƙi a hankali irin haka ba, har mai keke ya wuce mu. Duk hanya ba ta ce uffan ba sai wajen wata gona: “Geronsu ya fi namu.”

Matan gidan suka fito suna kallo kamar an ga wata da rana. Goggo ta ce, “Na zo duba Saudatu.” Anti ta durƙusa ta karɓi ƙwaryar.

Na ɗaga mata labule. Idon ya tashi. Wannan karon bai sauka ba.

Ta zauna a gefen gadon ta ba shi baya, fuskarta ga bango. “Nagoggo, ka ce wa mai gidan ya jiki.”

Na ce, “Bawa, an ce ya jiki.”

Yana kallon bayanta. Ƙirjin na hawa da sauka. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa. Sai ta ce, “Ku ba mu wuri.”

Kowa ya fita. Ni ma na fita, amma hali ba ya barin mutum. Na zagaya ta bayan taga na tsuguna.

An daɗe ba komai sai ƙarar ƙirjinshi. Sai ɗan tarin nan.

Ta kira shi.

Ba zan rubuta yadda ya fito ba. Gaskiyarta, ba yadda na yi ba ne, ko kusa. Ba kamar sabon abu ya fito ba. Ya fito kamar hanyar rafi da ƙafa ta daɗe tana bi.

Ta sake kira. Sannan ta ce, “Ni ce. Ba wancan ja'irin ba.”

Na tashi daga wurin. Na fita ƙofar gida na rungume babur.

Da aka kira la'asar na shiga. Ta koma kallon bangonta. Bakin mayafinta na cikin hannunshi na hagu, ya dunƙule. Idonshi a rufe, ba ya kallon ƙofa. Da za mu tafi ta gwada ja a hankali, bai saki ba. Ta zare mayafin daga kafaɗa ta bar mashi, ta ce wa Anti, “Ara mani naki. Wannan ya cika nauyi.”

Lahadi

Yana barci. Mayafin na nan.

Litinin, bayan azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, da yamma, Kusada

Na daɗe ban buɗe nan ba. An yi uku, an yi bakwai. An yanke gero.

Dakta Amiru ya zo daga Maraɗi ta'aziyya. Matan ruga sun zo daga Dudunni da Yashe da ƙoren nono, suka zauna da Goggo, aka yi ta maganar ruwan bana. Wata ta turo wani yaro gabanta ta ce tunda aka ɗora shi a kan magani bai sake faɗuwa ba, har kiwo yake zuwa. Goggo ta shafa kanshi ta ce ya cika rama, a riƙa ba shi man shanu.

Na koma tasha. 'Yan acaba suka ce in ɗan motsa su, garin ya yi sanyi. Na yi masu ladan, na yi masu mai unguwa. Suka ce saura Goggo. Na ce ina da fasinja, na tada babur.

Takardar ta fito. Dakta Rahma ta turo mani hotonta. Sunanshi a gaba, da wata 'yar alama a gefe, ta ce ita ke nuna mai sunan ya riga mu gidan gaskiya. Ta kuma sa mani garken a waya, ta nuna mani inda zan taɓa. Ban yi niyyar dubawa ba. Yanzu ina idar da asuba hannuna ke zuwa da kanshi.

Ɗazu ina zaune kan turmi da wayar, Goggo na tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, “Shanun na Kankia fa? Sun haihu?”

Ashe duk shekarun nan tana jinmu ta bayan zana.

“Sun haihu, Goggo.”

“A ina?”

“Wasu ne a Indiya.”

Ta watsar da tsakuwa. “Suna faɗin sunan daidai?”

“Ba mai faɗinshi daidai, Goggo.”

Ta juya faifai, ta jawo wani waken gabanta.

“To. Su dai yi ta faɗi.”